Direba, Kwandasta da Matuƙi: Tsokaci kan Raba Kalmomin Aro bisa Iyakar Ƙasa

1. Gabatarwa

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe tsakanin manazarta harshen Hausa da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci, wanda ke cewa Hausar Nijeriya daga Ingilishi take aro, Hausar Nijar kuwa daga Faransanci. Ra'ayin yana da sauƙin riƙewa, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Inda mutumin Katsina ya ce «tica», na Maraɗi «mushe» yake cewa. Inda wancan ya san «di'o» da «kwastan», wannan «kumandan» da «duwan» ya sani. Illar ita ce an ɗauki abin da ya tabbata a fagen mulki da makaranta an shimfiɗa shi a kan harshen baki ɗaya.

Manufar wannan tsokaci ita ce a auna ra'ayin da fage guda, watau sunayen da ake kiran masu tuƙi da abokan aikinsu a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi. Lokacin yin haka ya yi, domin kundin mulkin da aka zartar a Nijar cikin watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan ko ba jima ko ba daɗe za a buƙaci dokar hanya da littafin koyon tuƙi da sanarwar kiyaye haɗari cikin Hausa. Wanda ya shiga wannan aiki da zaton cewa kowace kalmar mota a Nijar daga Faransanci ta fito, ko kuwa ya kamata ta fito, zai rubuta littafin da mutanen tasha ba za su ga kansu a ciki ba.

2. Yadda ra'ayin ya samu gindin zama

Manyan ƙamusoshin Hausa na farko a Nijeriya aka tattara su. Na Bargery ya fito a 1934, na Abraham a 1949, sa'an nan a 1977 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano ta fitar da ƙamus na zamani wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka tsara. Da manazarta suka juyo kan Hausar Nijar, abin da ya fi jan hankalinsu shi ne abin da waɗancan ƙamusoshi ba su ƙunsa ba. A wannan layi ne Claude Gouffé ya wallafa nazarinsa na 1971 kan kalmomin da karin Hausar Nijar suka aro daga Faransanci, kuma ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, wanda ya fito a Yamai a 1987, ya ba Hausar wannan ƙasa wurin tsayawa da kanta.

Waɗannan ayyuka sun biya buƙatar da aka yi su dominta, ba su ne abin zargi ba. Kuskuren na waɗanda suka karanta su ne. Mai binciken da ya fita neman abin da ya bambanta Maraɗi da Kano ba zai rubuta «direba» a takardarsa ba, saboda kalmar ba ta bambanta su ba. Haka nan ba zai rubuta «tasha» ko «birki» ko «taya» ba. A ƙarshe jerin da ya tara duk na Faransanci ne, mai karatu kuma sai ya ɗauka hoton harshen ke nan. Hanyar binciken ita ta haifi sakamakon. Abin da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai, wanda shi ne mafi yawa a fagen sufuri, ba a ƙidaya shi ba.

3. Hanyar da kalmomin suka biyo

Garin Madarunfa yana kimanin kilomita 20 kudu da Maraɗi, kuma a cikin gundumarsa Ɗan Isa take, ƙofar da ake bi a shiga Jibiya a wuce Katsina. Daga Maraɗi zuwa Katsina wajen kilomita 90 ne, zuwa Yamai kuwa ya haura kilomita 600. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta ratsa ƙasar da tarihinta ɗaya ne, tun da sarakunan Katsina da jihadi ya kora su suka kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa a bayansa. Shekaru da dama gyaɗar ƙasar Maraɗi ta Kano take bi ta sauka Ikko, kafin hukumar Faransa ta karkata ta zuwa Paraku da Kwatano a shekarun 1950. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya bayyana yadda dukiyar attajiran garin ta ginu kan wannan hulɗa da kudu. Motar ɗaukar kaya ta wannan hanya ta shigo, da kayan gyaranta, da mai gyaranta, da wanda ya koya wa yaran gari jan ta. Abu kuwa da sunansa yake tafiya.

Wani abin lura shi ne kalmomin ba daga bakin Bature suka iso Madarunfa ba. Bahaushen Kano da na Katsina sun riga sun sarrafa su, sun raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, sun rufe ƙarshensu da wasali. «Driver» ta zama «direba», «trailer» ta zama «tirela», «brake» ta zama «birki». Mutumin Madarunfa Hausa ya karɓa daga ɗan'uwansa Bahaushe. Saboda haka kiran su kalmomin Ingilishi bayani ne na asali kawai; a wurin mai magana ba su da wani baƙunci. Rediyo da faifai sun ƙara kafa su: Mamman Shata ya yi wa direbobi waƙoƙi, waƙar «Karen Mota» ta Ɗan Maraya Jos kuwa ba ta tsaya a Jibiya an duba mata takarda ba.

4. Ire-iren masu tuƙi da sunayensu

Idan aka dubi yadda ake kiran ma'aikatan hanya, za a ga ma'auni uku ne ke raba su: irin abin hawa, irin aiki a cikin mota ko a tasha, da kuma matsayin mutum game da mallakar motar.

Ta fuskar abin hawa, «direba» ita ce uwa, sai a ɗora mata sunan mota. Akwai direban tasi, direban bas, direban hayis, direban tifa mai ɗaukar yashi da tsakuwa, direban tanka mai dakon mai, da direban tirela mai doguwar tafiya. Sunayen nan ta kudu suka shigo, har da «hayis», wadda sunan wata ƙirar motar Toyota ne ya zama sunan kowace ƙaramar bas. Wannan rabo na tasha ya yi kusa da rabon takardar izinin tuƙi irin ta tsarin Faransa, inda harafin B ke na ƙaramar mota, C na motar kaya, D na motar jama'a, E kuma na mai jan wata a baya. Mai koyar da manya yana da gada a shirye tsakanin abin da ɗalibi ya sani da abin da doka ta rubuta, in ya yarda ya taka ta.

Ta fuskar aiki, direba ba shi kaɗai yake tafiya ba. «Kwandasta» shi ke karɓar kuɗi ya kula da «fasinja». Yaron mota, wanda ake kuma kira karen mota, shi ke ɗaure «lodi», ya sa waigi, ya wanke mota, yana koyon sana'a a hankali. «Ɗan kamasho», daga «commission», ba ya tafiya. A tasha yake zaune yana kiran fasinja ana ba shi ladansa. A gefen hanya ga bakanike a «gareji», ga mai «faci» yana liƙe taya. Wanda hannunsa bai faɗa ba a tuƙi «lana» ne, kalmar da ta tashi daga bayanin matsayi ta koma zagi. Wanda ya ɗauki mota shi kaɗai ya biya kuɗin dukan kujeru ya ɗauki «shata», daga «charter».

Ta fuskar matsayi, harshen ya raba mai mota da direba. Mai mota shi ya saya, direba aiki yake yi masa. Alhajin da ya ja motarsa da kansa zuwa kasuwa yana tuƙi, amma ba a kiransa direba sai da wasa. Ke nan «direba» a Hausa sunan sana'a ne, ta ƙunƙunce fiye da yadda take a Ingilishi, inda duk wanda ya riƙe sitiyari ya shiga cikinta. Daga nan ake samun direban gida, direban gwamnati da direban haya.

Hujjar cewa kalmomin nan sun zauna tana cikin nahawu. Suna ɗaukar jam'i irin na Hausa: direbobi, kwandastoci, fasinjoji, tireloli. Suna ɗaukar mahaɗi bisa jinsinsu: direban Alhaji, tirelar siminti. Abin da harshen bai ara ba shi ne aikatau. Direba «tuƙi» yake yi, ko ya «ja» mota, kamar yadda masuntan tafkin Madarunfa ke tuƙa jirginsu tun kafin a ga mota.

Akwai kuma rukunin da Ingilishi bai ba shi suna ba. Mai ɗaukar mutane a babur ɗan kabu-kabu ne a Maraɗi, ɗan acaɓa a Kano, kuma ba a ce masa direba. Keke mai ƙafa uku ya ɗauki sunan «adaidaita sahu» daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano, wadda ta fito da kekunan a 2005. Kekunan sun yawaita bayan hana acaɓa a birnin a Janairun 2013, sunan kuma ya ƙetaro zuwa Maraɗi tare da su. Wannan misali ya nuna cewa hanyar ita ce mai kawo kalma, ko ta aro ce ko ƙirar gida.

5. Inda Faransanci ya tsaya

Ba a cewa Faransanci ba shi da rabo. Rabonsa yana nan, amma a wani keɓantaccen wuri: takarda da hukuma. Direban da ya tashi daga Madarunfa «jandarma» ke tsayar da shi, ya nemi «parmi» da «kartigiris» da «asirans». A Ɗan Isa ma'aikacin «duwan» ke duba kayansa. Ƙungiyarsa «sandika» ce. Da ya ƙetara Jibiya, takardun nan sai su koma «lasin» da «inshora», ƙungiya ta koma «yuniyan» mai «ciyaman». Mutum ɗaya ne, yana riƙe da jerin biyu, yana sauya su gwargwadon wanda ke tsaye a gabansa.

Kalmar «chauffeur» kanta ana jin ta a bakin ma'aikata da waɗanda suka yi lakwal, amma ba ta kori «direba» daga tasha ba, ba ta kuma sami jam'in Hausa da ya zauna kamar «direbobi» ba. Hoton da ya fi kusa da gaskiya shi ne hawa uku a cikin harshe guda: aikatau da tushen ma'ana na Hausa ne, sunayen sana'a da na kayan aiki sun biyo hanyar Katsina, sunayen takarda da na masu kaki sun biyo hanyar Yamai. Ra'ayin da ake tsokaci a kansa hawa na ukun kaɗai ya gani.

6. Tarkon «conducteur»

Wurin da wannan kuskure zai fi yin ɓarna shi ne fassarar doka. A Faransanci, dokar hanya «conducteur» take kiran mai tuƙi. A Ingilishi, «conductor» na mota mai karɓar kuɗi ne, daga nan Hausa ta sami «kwandasta». Kalmomin biyu tushensu ɗaya a Latin, furucinsu ya yi kama, ma'anarsu ta raba hanya. Mai fassarar da ya yi karatu da Faransanci, wanda kuma aka koya masa cewa aron Nijar daga Faransanci yake, yana iya ganin «kwandasta» ya ɗauka ita ce «conducteur» da Hausa ta sarrafa. In ya rubuta cewa kwandasta shi ke da alhakin tsayawa bayan haɗari, ko shi aka hana shan abin maye, to ya ɗauke nauyi daga kan wanda ke riƙe da sitiyari ya ɗora wa yaron da ke rataye a ƙofa. Abin da ya dace da kwandasta a Faransanci shi ne «receveur», yaron mota «apprenti», ɗan kamasho «coxeur», mai mota kuwa «transporteur».

7. Batun «matuƙi»

Wasu masu tsara kalmomi, don gudun aro gaba ɗaya, sun fi son a yi amfani da «matuƙi» a ko'ina. Kalmar tana da kyau, ginin Hausa ne tsantsa, kuma ƴan jarida sun saba da ita a matuƙin jirgin sama. Tana da fa'idar da «direba» ba ta da ita: ta haɗa mai mota da ɗan kabu-kabu da mai keke, ba ta tambayar ko sana'a ce. A rubutun doka wannan faɗi abin nema ne.

Sai dai tana da rauni biyu da ba a cika ambata ba. Na farko na rubutu ne. Ƙa'idar rubutun yau da kullum, a Nijar da Nijeriya, ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali. Saboda haka jam'in kalmar, «matuƙa», ya zo daidai a takarda da «matuƙa» mai ma'anar ƙwarai ko iyaka. Jimla irin «matuƙa su yi hattara matuƙa» ba ta wahalar da gwanin karatu, amma dattijon da ya shekara ɗaya a ajin yaƙi da jahilci zai tsaya a kanta. «Direbobi» ba ta da wannan ruɗani.

Na biyu na ma'ana ne. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda Nijar ke cikinta, ta faɗaɗa ma'anar mai tuƙi har ta haɗa da wanda ke kora dabbobi a kan hanya, ko garke ne, ko na ja, ko na kaya, ko na hawa. A gundumar da amalanken shanu da na jaki ke raba kwalta da tirela ranar kasuwa, wannan sashe ba ƙawa ba ne. Amma a Hausa makiyayi kora yake yi, mai jaki ma haka, ba wanda zai kira su matuƙa. Ke nan «matuƙi» ma ba ta rufe ramin ba. Babu kalma guda da za ta ɗauki nauyin, dole doka ta yi bayani ta lissafa.

8. Shawarwari

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da shawarwari huɗu ga masu tsara ƙamus da littattafan manya.

Na ɗaya, a daina sa wa kalma alamar ƙasa bisa harshen da ta fito. A sa mata alama bisa inda aka ji ta. In ana cewa «direba» a Madarunfa, kalmar Nijar ce kamar yadda take ta Nijeriya.

Na biyu, a rubutun doka a ɗauki «matuƙi» a matsayin kalmar gama-gari, a fassara ta tun a sashen farko da jerin waɗanda ta ƙunsa: direba, ɗan kabu-kabu, mai adaidaita, mai keke, mai amalanke, da mai kora dabbobi. Inda jam'i zai kawo ruɗani a ce «masu tuƙi».

Na uku, a littafin koyarwa da sanarwar rediyo a kira kowa da sunan da yake amsawa. Gargaɗi kan lodi fiye da kima na direba ne da yaron mota da ɗan kamasho, kowanne da hannunsa a ciki, kuma kowanne sai an ambace shi zai san da shi ake.

Na huɗu, ga takardun hukuma a kawo kalmomin biyu gefe da gefe, parmi da lasin, asirans da inshora, duwan da kwastan, tun da mai karatun yana buƙatar dukansu kafin ya kai Katsina ya dawo. A kuma tsayar da rubutu guda ga na Faransancin, domin har yanzu kowa yadda kunnensa ya ji yake rubuta su.

9. Kammalawa

Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi ƙoƙarin daidaita haruffan Hausa tsakanin ƙasashe. Daidaita kalmomin sana'a bai sami irin wannan kulawa ba, wataƙila don an ɗauka iyaka ta riga ta raba su. Misalin Madarunfa ya nuna ba haka abin yake ba. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kaya sun tsaya, amma ba a sauya wa direba ko kwandasta suna ba.

Aikin da ya rage na fili ne. Ya kamata a zauna a tashoshin Maraɗi da Madarunfa da Ɗan Isa a ɗauki maganar masu sana'ar, a rubuta kowace kalma da furucinta da jam'inta da wanda ya faɗe ta da wanda aka faɗa wa, ba tare da tace ta bisa asali ba. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara ratsa gundumar zai zo da nasa ma'aikata da nasu sunaye, kuma zai fi kyau ya tarar an riga an rubuta na mota.